HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA: SHAWARA GA MANOMAN HORO BIRNI DA MAƘWABTANSU

Duk wanda ya bi babbar hanyar mota wadda ta fita Sakkwato ta nufi Jega, zai ratsa ƙasar Boɗinga da ta Shagari kafin ya kai Tambuwal. Motoci ba su yankewa bisa wannan hanya dare da rana, amma kaɗan ne ke tsayawa, in ba don salla ko shan mai ba. Matafiyi yakan keta ƙasar garuruwa irin su Horo Birni, wadda take ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Shagari, ya wuce bai san abin da ke cikinta ba, mutanen ƙasar kuma ba su sami ko kwabonsa ba.

Jama'ar wannan yanki manoma ne da makiyaya. Da damina gero da dawa da wake da gyaɗa, da rani kuwa wanda ke da fadama ya dasa albasa ko tumatir ko tattasai, ga kuma jajayen awaki a kusan kowane gida. Aiki dai ana yi, babu mai ce musu ragwaye. Amma kowane malamin ofis da malamin makaranta da ya zauna ƙauye ya san yadda shekarar manomi take ƙarewa. Da kaka, sa'ad da amfani ya cika kasuwa ya yi arha, a sa'an nan ne bashin taki da hidimar biki da ta sutura ke tilasta shi ya sayar. Da bazara kuma, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada. Ribar da ke tsakanin farashin nan biyu wani ne ke cinta, shi kuwa saurayin gida ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Legas ko Ibadan.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. Manoman inabi na ƙasashen Turai sun sha irinsa, har suka sami maganinsa ta hanyar gama kai, da tsare sunan ƙasarsu, da jawo baƙi zuwa ƙauyukansu. Mun sani mafi yawan inabin nan giya ake yi da shi, ita kuwa haramun ce gare mu, saboda haka babu mai cewa a kwaikwayi sana'arsu. Ko inabin da ake nomawa a ƙasar Zazzau, wajen Kudan da Hunkuyi, na ci ne. Amma wanda ya ga maƙwabcinsa ya gina rumbu mai kyau yana iya koyon ginin, ko da abin da zai zuba a ciki dabam ne.

YADDA WAHALA TA HAƊA KANSU

Daga cikin shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ya zo daga Amurka ya faɗa wa gonakin inabi na Faransa yana cin saiwa, har ya hallaka babban kashi daga cikinsu. Da ƙyar aka gano magani, watau a aura itacen Faransa bisa saiwar irin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kamar dai yadda masu lambu a nan ke yi wa mangwaro aure. To, da gonaki suka farfaɗo sai wata sabuwa ta ɓullo. Amfani ya yi yawa, 'yan kasuwa kuma suka shiga algus suna haɗa sukari da ruwa suna sayarwa da sunan na gaske, farashi ya faɗi warwas. A shekarar 1907 manoman kudancin ƙasar suka yi bore, har dubban ɗaruruwansu suka taru a birnin Mompeliye cikin watan Yuni suna kuka da gwamnati.

Amma tun kafin boren, waɗansu sun riga sun gane cewa kuka kaɗai ba ya ɗaga farashi. A wani ƙauye da ake kira Marosan, ƙananan manoma suka kafa jam'iyya a 1901, suka gina ma'ajiya guda ta kowa da kowa a 1905. A Jamus ma, manoman ƙauyen Maishos sun yi haka tun 1868. Ƙa'idodin da irin waɗannan jam'iyyu ke bi sun yi daidai da na masaƙan garin Rocdel na Ingila, su 28, waɗanda suka buɗe kantin gama kai a 1844. Kowane ɗan jam'iyya ƙuri'a ɗaya gare shi, ko gonarsa babba ce ko ƙarama. Kowa ya kawo amfaninsa a auna a gaban idonsa, a duba kyansa, a rubuta. Jam'iyya ita ke ajiya, ita ke ciniki da babban ɗan kasuwa. In shekara ta ƙare aka fid da kuɗin hidima, abin da ya saura a raba gwargwadon abin da kowa ya kawo.

Hikimar abin a fili take. Ɗan kasuwa yana iya taya wa mai buhu 5 yadda ya ga dama, don ya san mutumin ba zai koma da kayansa gida ba. Amma mai buhu 500 wanda ke da wurin ajiya, kuma ba ya cikin matsi, shi ake bi har gida ana lallashi.

SUNA DA HANYA

Abu na biyu da suka yi shi ne tsare suna. A shekarar 1935 Faransa ta yi doka cewa ba za a liƙa sunan wata ƙasa bisa kaya ba sai in a cikin iyakar ƙasar nan aka noma su, kuma bisa hanyar da aka amince. Manoman kowane yanki, ta bakin ƙungiyarsu, su ne ke faɗin iyakar da irin da za a shuka da yawan abin da za a ɗiba daga kowace gona, hukuma kuwa ta tabbatar, ta hukunta mai ha'inci. Ta haka sunan ƙauye ya zama dukiya wadda ba a sayarwa, ba a kuma ɗauke ta a kai wani wuri. Kowa a cikinsu ya zama mai tsaron maƙwabcinsa, domin in ɗaya ya yi algus sunan duka ne ya ɓaci.

Abu na uku shi ne hanya. A watan Oktoba 1935 Jamus ta buɗe wata hanya mai tsawon wajen kilomita 85 wadda ta ratsa ƙauyukan manoman inabi na lardin Falz, aka kafa alluna, aka yi shela mutanen birni su zo su gani. Lardin Alzas na Faransa ya yi tasa a 1953, mai wajen kilomita 170. Manoman Sitelanbosh na Afirka ta Kudu suka bi sahu a 1971. Ba sabon titi aka gina ba, ƙauyuka ne suka yarda su tallata kansu da suna ɗaya. Ƙauye guda bai isa ya sa mutum ya baro birni ba, amma goma a jere sun isa. Sukan tsara ranakun bukukuwansu kada su yi karo, baƙo ya kwana nan, ya ci abinci can, ya sayi kaya daga hannun wanda ya noma, kuɗin kuma ya zauna a ƙauye.

Italiya ta ƙara wani sharaɗi mai kyau a dokarta ta 1985, wadda ta yardar wa manomi ya sauki baƙi a gidan gonarsa ya karɓi lada. Sharaɗin shi ne noma ya zama shi ne babban aikinsa, saukar baƙi kuwa ƙari. Sun lura cewa ran da manomi ya ajiye fartanya ya koma mai hotal, ran nan abin da baƙo ke zuwa gani ya ƙare.

FATAR MAROKO DA ALBASAR GALMI

Kada mai karatu ya ce wannan zancen Turawa ne. Mu mutanen Sakkwato mun fi kowa sanin hasarar suna. Shekaru aru-aru fatar jar akuyarmu, wadda majemanmu suka jeme suka rina, ayari na ɗaukarta ya keta hamada zuwa Tarabulus da sauran garuruwan bakin bahar. Daga can Turawa ke saye su yi bangon littattafai masu tsada da ita, suna kiranta fatar Maroko. Makiyayin da ya yi kiwo da majemin da ya sha warin majema babu mai ambatonsu. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar saura kaɗan irin wannan ta same su. Galmi gari ne na Hausawa a jihar Tawa, bisa hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, kuma albasarta mai launin shuni ta yi suna a kasuwannin Afirka ta Yamma saboda yajinta da jimirin ajiya. A cikin shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na wata ƙasa ya nemi a rubuta masa mallakar irin da ke ɗauke da wannan suna. Manoman Nijar, ta bakin ƙungiyoyinsu da gwamnatinsu, suka tashi tsaye suka ce iri ne na kaka da kakanni, har kamfanin ya saki sunan. Daga baya, a farkon shekarun 2020, hukumar tsare haƙƙin ƙirƙira ta ƙasashen Afirka 17, wadda hedkwatarta ke Yawunde, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin sunayen da aka tsare. Kafin su, a 2013, barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru da kofin Ziyama na Gini sun sami irin wannan rajista.

Da manomin Galmi shi kaɗai ne, da ko labarin abin da ake shiryawa a wani ofis mai nisa ba zai ji ba. Ƙungiya ce ta ji, ita ce kuma ta yi magana. Mu kuwa a nan, albasar fadamun Sakkwato da ta Aliero tana cika manyan motoci zuwa kudu kowace shekara, amma da zarar an ɗaure buhu sunan garin da ya noma ta ya ɓace. Mai kyau da maras kyau farashinsu ɗaya, saboda haka babu abin da zai sa manomi ya wahalar da kansa wajen zaɓe da busarwa.

GAYYA DA ADASHI DA LITTAFIN LISSAFI

Gama kai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gayya gama kai ce ta ƙarfi, adashi kuma ta kuɗi. Abin da jam'iyya ta ƙara a kansu shi ne rajista da littafin lissafi, don ta iya mallakar kaya, ta ƙulla ciniki, ta kuma rayu bayan waɗanda suka kafa ta. A Nijeriya tushen abin shi ne rahoton Mista C. F. Strickland na 1934, mutumin da ya yi wannan aiki a ƙasar Hindu, sa'an nan aka yi dokar jam'iyyun gama kai a 1935. Manoman koko na Yamma su suka fara cin moriyarta. A Arewa kuwa, zamanin En'e, jam'iyyu sun riƙa ba da rance kafin damina, suna sayen gyaɗa da auduga a madadin hukumar ciniki. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986. Daga farkon shekarun 1990 kuma Shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya sa masu noman rani sun kafa ƙungiyoyi don samun injin ban ruwa da rijiyoyin fadama.

To, me ya sa da yawa daga cikin jam'iyyun nan suka mutu, sai allo ya rage a bango? Mu a namu gani, dalilin farko shi ne an kafa su don a karɓa ne. Aka ji gwamnati za ta raba taki ko rance, aka rubuta sunaye, aka karɓa, aka watse. Rancen ma da yawa suka ɗauke shi rabonsu ne na dukiyar gwamnati, ba su biya ba. Dalili na biyu shi ne littafi. Inda mutum ɗaya ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne kuma kaɗai ya iya karatu, to, ko waliyyi ne sai an zarge shi, zargi kuwa shi ne tsagar da ƙadangare ke shiga. Na uku siyasa, domin jam'iyyar manoma da ta zama reshen jam'iyyar siyasa takan faɗi ran da uwargijiyarta ta faɗi.

Akwai wata dabara da aka jarraba a ƙauyukan Nijar tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta dace da ciwon da muka ambata da farko. Da kaka 'yan jam'iyya su zuba hatsi ko wake a sito ɗaya, kowane buhu da sunan mai shi. A sa kwado biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya a hannun jam'iyya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance, yadda babu mai buɗewa shi kaɗai. Asusun ya ba kowa wani kashi na kimar kayansa ya yi hidimarsa ko ya ja jarin sana'ar rani. In bazara ta yi, farashi ya tashi, a biya rance a buɗe sito, mai kaya ya sayar ko ya kai gida a ci. Wake, wanda ƙwari ke ɓatawa, yanzu akwai buhu mai riɓi uku da ke kashe su ba tare da magani ba. Albasa kuwa tana bukatar rudu mai shan iska da zaɓe mai tsanani kafin ajiya, don guda ɗaya ruɓaɓɓiya takan ɓata tari. Batun kuɗin ruwa, wanda ke hana mutane da yawa kusantar rance, shi ma yana da mafita, tun da yanzu akwai bankunan da ke aiki bisa ƙa'idar Musulunci a ƙasar nan. Sai a zauna da su da malamai a tsara yarjejeniyar da zuciya za ta kwanta da ita.

ME BAƘO ZAI ZO GANI?

Wani zai ce, to, Turawa suna da duwatsu da koguna, mu me gare mu? Amsa ita ce, ƙasar da ke tsakanin Boɗinga da Shagari tana da abin da kuɗi ba ya saye. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana wallafa littattafai, almajirai na zuwa daga ko'ina. Yana can ne, a 1812, aka raba kula da ƙasa, yamma a hannun ƙanensa Malam Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello. Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna a wannan zamani. Daga Sifawa ne Shehu ya koma Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817. A garin Shagari kuma aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, malamin makaranta wanda ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a can aka rufe shi a watan Disamba 2018. Ga madatsar ruwan Shagari da masunta da masu lambu.

Baƙon da muke nufi ba lalle ne Bature mai kyamara ba. Kullum mutane na zuwa ziyara Hubbaren Shehu daga jihohin Arewa da Nijar da wajensu, kuma da yawa za su so su ga inda Shehu ya zauna kafin Sakkwato, in da za su sami mai kai su da mai yi musu bayani. Akwai ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na kwalejoji, akwai 'yan makarantar sakandare da ke karanta tarihin jihadi a littafi ba su taɓa taka wurin ba, akwai kuma 'yan ƙasa da ke aiki a Abuja da Kaduna, waɗanda 'ya'yansu ba su taɓa ganin yadda ake sussukar gero ba. Gani ya kori ji. In irin waɗannan baƙi suka sami inuwa mai tsabta, da ruwan sha, da fura da nono, da rumfar jam'iyya inda za su sayi wake da albasa da ƙuli-ƙuli da kayan fata da sunan garin a jiki, to, hanyar nan da motoci ke wucewa a guje ta fara biyan masu ita.

Argungu ta isa misali. Bikin kamun kifi ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta tabbatar da zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. Bikin ya girma har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Abin lura shi ne, ana tsare ruwan Matan Fada, a hana su a cikinsa sai lokacin biki, shi ya sa ake samun manyan kifaye. Da an bar kowa ya yi yadda ya so, da bikin ya mutu da kansa. Wani abin lura kuma, bikin ya tsaya bayan na 2009, ba a sake yi ba sai 2020. Duk wanda ya dogara ga baƙin biki kaɗai, shekarun nan ya sha wuya. Wannan shi ne dalilin sharaɗin nan na Italiya, noma gaba, baƙi baya.

INDA GIZO KE SAƘA

Wajibi ne mu faɗi haɗarin da ke ciki. Na farko tsaro. Ɓarnar 'yan bindiga a sassan Arewa maso Yamma ta sa mutane tsoron hanya, babu kuwa mai kai iyalinsa yawon buɗe ido inda yake ɗar-ɗar. Wannan nauyi ne na hukuma, amma ajiya da gama kai wajen sayarwa ba sai sun jira shi ba.

Na biyu ƙasa da ruwa. In wuri ya fara suna, masu kuɗi daga birni sukan zo sayen fili, manomi ya ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba ya sayar, bayan shekara biyu ya koma ɗan ƙodago a gonar ubansa. Haka nan in albasa ta yi daraja kowa zai kafa inji, ruwan fadama ya yi ƙasa, a sare itatuwa don faɗaɗa lambu, a toshe burtali, rigima ta tashi da makiyaya. Jam'iyyar kirki ita ce ke sa wa kanta iyaka tun kafin a sa mata, ta kuma ba Fulani makiyaya kujera a cikinta, tun da nono da man shanu da taki daga gare su suke.

Na uku mutunci. Wuraren da Shehu da almajiransa suka zauna ba dandali ba ne. Sai an shawarci Majalisar Sarkin Musulmi da hakimai da limamai kan abin da ya dace da wanda bai dace ba. Kuma kada a bari yara su bar makaranta su koma bin baƙi da roƙo, domin garin da ya koya wa 'ya'yansa miƙa hannu ya yi hasarar da ta fi ribar.

Na huɗu rabo. Mata su ne masu fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa, watau mafi yawan abin da baƙo zai saya. In ba a ba su jam'iyyarsu da asusunsu ba, wahala tasu, riba ta wani, an koma gidan jiya ke nan.

AIKIN MALAMAI

Tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aikin da En'e ke yi ya koma hannun ƙananan hukumomi, kuma ma'aikatansu da malaman makaranta su ne masu alƙalami a ƙauye. Abin da ya kashe jam'iyyun da suka gabata rashin alƙalami mai amana ne, saboda haka maganar nan taku ce.

Malamin ofis yana iya taimakon manoma su rubuta dokokin jam'iyyarsu da Hausa, da boko da ajami, ya nuna musu hanyar ofishin rajista. Dokar jam'iyyun gama kai ta 1993 ba ta nemi ɗaruruwan mutane ba kafin a yi rajista, kuma mutum 20 da suka yarda da juna sun fi 200 da aka tara don rabon taki. A raba muƙamai, mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam, a karanta lissafi da babbar murya a gaban kowa kowane wata. A fara da abu ɗaya, ko sito ɗaya na wake, a ga ƙarshen shekara tukuna.

Malamin makaranta kuma yana iya sa ɗalibansa su riƙa rubuta farashin gero da wake da albasa kowace ranar kasuwa har shekara ta zagayo. Wannan darasin lissafi ne, kuma shi ne hujjar da za a nuna wa manomi da banki. Ya tura su wurin tsofaffi su rubuto tarihin garinsu, da asalin sunansa, da sarakunansa, da tsofaffin rijiyoyi da masallatai, a kai a gwada da abin da ke ajiye a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Daga cikin yaran nan ne za a sami masu yi wa baƙi jagora da ilmi.

Sa'an nan shugabannin Boɗinga da Shagari da Yabo su zauna tare da hakimansu, su dubi hanyar nan a matsayin abu ɗaya. Sifawa tana da tarihi, Shagari tana da ruwa da sunan ɗanta, Horo Birni da sauran garuruwa suna da amfanin gona da dabbobi. Kowace ita kaɗai ba ta isa ta tsai da mota ba. Manoman Marosan sun yi shekara 4 tsakanin kafa jam'iyya da gina ma'ajiya, ƙasarsu kuma ta yi shekara 28 tsakanin bore da dokar suna. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke son ya ga sito a cike da kaka mai zuwa, yanzu ne zai fara neman mutanensa da littafinsa da kwadonsa biyu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.